Dutsen Bakin Ƙofar Hajja Latifatu

Ana dab da kiran magariba, Hajja Latifatu na zaune a tsakar gida tana gyaran kifi, dutse ya faɗo cikin kwanonta. Fari ne, mai ƙananan ramuka, jiƙe sharkaf. Ta ɗauka ta shinshina. Ruwan teku ne. Alhali teku ta bar unguwar tun Hajja tana budurwa.

A da wurin ƙauyen masunta ne, kudu da Jidda. Alhazan da suka zo a ƙafa daga ƙasar Hausa ba su koma ba, su suka raɗa masa Tudun Gishiri. Igiyar ruwa har gindin katanga take zuwa. Da aka cike gaɓar, manyan ɗakunan ajiya suka tsaya inda ake shanya taru, maƙwabta suka watse, wasu Kurayyat, wasu Aziziyya. Gidanta kaɗai ya rage.

Kwana shida ana jifan, kullum da faɗuwar rana. Ɗanta Saif, mai aiki a tashar jiragen ruwa, ya hau soro ya duba, babu kowa.

"Ummi, halas, ya isa haka, mu tashi," in ji shi.

"Masu rusau ba su tashe ni ba, sai tsakuwa?"

Ran kwana na bakwai 'yar Saif, Mashael, ta fito da butar shayi, ta tsaya cak, ta zube. Yarinyar da Hausa ke yi wa nauyi a baki, sai ga ta da muryar tsoho, tana irin Hausar da Hajja ba ta ji ba tun rasuwar iyayenta.

Saif ya ɗauko Malam Abdulghaffar daga Kurayyat. Malam ya zauna a gefen tabarma, ya yi ta karatu a hankali, har jikin yarinyar ya fara kaɗawa.

"Wane ne kai? Me kake nema?"

"Gidana nake nema," muryar ta ce. "Usuman masunci ya farfasa shi a ƙarƙashin ruwa, ya gina nasa da duwatsuna. Na biyo su na yi haƙuri, don ina jin motsin teku daga nan. Yanzu sai ƙarar manyan motoci. Ku fita ku bar min, ko ku yanka min baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah," in ji Malam.

Hajja ta dafa bango ta miƙe. Saif ya riƙo hannunta, ta fizge.

"Usuman ubana ne. Kai ka rasa teku? Ni ma na rasa. Inda ake ɗaure kwale-kwale yanzu shingen waya ne. Rijiyar da muke sha an binne ta. Mijina ya mutu yana kewar ruwan nan. Amma ban taɓa kama jikar kowa ba. Ba ka jin kunya?"

Can muryar ta dawo, ta yi sanyi.

"Babban dutsen bakin ƙofa. A kai shi ruwa."

"Sake ta tukuna. Ba na magana da wanda ya riƙe min jika."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Yatsan ƙafar Mashael ya yi rawa, ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce wa kakarta, "Sitti, ina jin ƙishi."

Washegari da hantsi Saif ya haƙe dutsen ya ɗora a bayan mota. Sun yi tafiya mai nisa kudu kafin su sami gaɓar da ba shinge. Hajja ta tattare zaninta, ta shiga ruwa har gwiwa, da hannunta ta gangarar da dutsen.

Da suka dawo, Saif ya tsaya yana duban ramin da ke bakin ƙofa.

"Zuba siminti," in ji Hajja. "Ka zuba da kauri. Daga yau babu mai cewa yana da abu a gidan nan."