Shahon Malam Ja'afaru

A shekarar farin nan da ko kaji suka rame, Malam Ja'afaru ya faɗo caji ofis na Tofa ba hula.

"Yallaɓai, an sace mini zaki, da shaho uku, da muzuru!"

Insifekta Uwaisu ya kai hannu ga bindiga kafin ya gane na takarda ake nufi. Shekara ashirin Malam Ja'afaru yana zana dabbobi a littattafan firamare. Ran Alhamis mutumin kamfanin ɗab'i zai zo karɓar zanen sabon littafi. In ya tarar babu, wani za a ba aikin, kuma da aikin nan gidan Malam yake ci.

A ɗakin zane, Insifekta ya duba abin da aka bari. Kurciya tana nan, zomo yana nan, har da bushiya.

"Ɓarawon nan masu farce kawai yake so," in ji shi.

Ya shiga gidan maƙwabci, Nababa.

"Ina kake ran Juma'a da aka yi satar?"

"Masallaci, ranka ya daɗe. Ni ko kallon hoto ba na yi."

"Me ya sa kake tsaye a bakin rumbu kamar mai gadi?"

Aka ture shi gefe, aka leƙa. Ga muzuru manne da ƙaro a bango, yana harara.

"Ɓeraye ne suka dame ni," in ji Nababa, murya ƙasa-ƙasa. "Aro Mika'ilu ya ba ni."

Suka nufi gonar Mika'ilu. Ko'ina a hanya mata da tsofaffi suna kaɗa gwangwani suna ihu, don tsuntsayen jan-baki sun taso wa ɗan geron da ya tsira. Gona ɗaya ce tsit. Mai ita yana kwance ƙarƙashin gawo, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kai ba ka kora?"

"Laya na binne, Yallaɓai."

Insifekta ya kutsa cikin geron. Ga layar nan a kan kara: shaho uku, fukafukai a buɗe. Zaki kuwa yana bakin shinge, yana tsare awaki.

Mika'ilu ya durƙusa.

"Ni ne. Ta taga na shiga. Matata ba lafiya, ni kaɗai ne, maƙogwarona ya mutu da ihu. Wallahi bayan girbi zan mayar."

Malam Ja'afaru bai ma ji shi ba. Yana ta cire takardun, yana dudduba su. Ko ɗigo bai taɓa su ba. Kwana huɗu a fili, sama ba ta zubar da komai ba.

"Alhamdu lillahi da ba a yi ru..." Ya ga idanun manoman da suka taru a kansa, ya haɗiye sauran.

Sai ya matso kusa da ɓarawon.

"Tsakani da Allah, tsuntsayen sun ji tsoro?"

"Malam, ko inuwarsu ba ta gifta ba."

Daɗi ya kama Malam har kunne. Ba a taɓa yabon aikinsa haka ba.

Insifekta ya sa Mika'ilu a gaba. Ba su yi taku hamsin ba jan-baki suka sauko kamar an zazzage buhu. Mika'ilu ya waiga, ya fashe da kuka.

Malam ya dubi geron, ya dubi takardunsa. Ya zare shaho ɗaya, ya mayar kan kara.

"Yallaɓai, rubuta shaho biyu aka sace. Wannan yana bakin aiki."