Sunan da Ke Ƙasan Akwatin Hajiya

A unguwar Fulɓere ta birnin Garwa, a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Hajiya Karimatu ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan la'asar, ta tara maƙwabta domin su ji karatun jikarta. Yelwa marainiya ce 'yar shekara shida, a hannun kakarta ta tashi tun tana jaririya. Ta buɗe littafin lekol, wato makarantar boko, ta rero shafi guda na Faransanci tun daga sama har ƙasa, ko numfashi ba ta tsaya ja ba.

"Kun ji ko!" in ji Hajiya. "Nasara ma sai ya saurara! Ƙawata, wa ya fi ki a Garwa?"

Ana cikin guɗa sai ga Bilya, ɗan Hajiya mai fataucin shanu, ya shigo da takardar sakamako, fuskarsa ba walwala. Ya ce malamar ajin ta faɗa masa Yelwa za ta maimaita aji. Malamar kuwa ba wata ba ce illa Salamatu, wadda aka sa ranar aurenta da shi bayan damina.

Nan take Hajiya ta aika a kira ta. Salamatu ta zo a lulluɓe, ta durƙusa nesa da tabarma, ta gaishe da kowa.

"Ke kika ce jikata ba ta iya karatu ba? Matan nan duk kurame ne?"

"Ki gafarce ni, Hajiya. Yelwa ta fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa a ajina. Sai dai hadda ta yi, ba karatu ba."

"To, nuna mana!"

Salamatu ta so a bari sai mutane sun watse, Hajiya ta ƙi. Ala tilas Salamatu ta karɓi littafin, ta rufe hoton da ke saman shafin da tafin hannunta, ta nuna kalma ɗaya a tsakiya. Yelwa ta dubi kalmar, ta dubi kakarta, ta koma farkon shafi ta fara rerawa. Da aka sake nuna mata kalmar, sai ta fashe da kuka. Maƙwabta suka soma neman takalmansu.

Hajiya ta miƙe tsaye. "Tun ba ki shigo gidan ba kin fara tozarta mu! Ko ki gyara takardar nan yarinya ta wuce, ko kuwa a mayar wa kowa kayansa. Ba ni, ba auren nan!"

Kashegari da yamma Bilya ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan su Salamatu. Suka zauna a zaure.

"Haba Metires," ya ce, kamar yadda 'yan lekol ke kiran malama, yana ƙoƙarin murmushi, "sa hannu ɗaya ne fa. Aurenmu bai kai darajar layi guda na biro ba?"

"Ya fi haka, Bilya, Allah ya sani. Jiya ban ci abinci ba." Hawaye suka zubo mata. "Amma in na tura ta aji na gaba, littafin can ya fi ƙarfin hadda. Za a yi ta dukanta ana ce mata daƙiƙiya, har ta tsani lekol ta gudu. Ba zan saya mana ɗaki da wannan ba."

Bilya ya sa hannu a aljihu. Ya ciro wata takarda, ta izinin wucewa da shanu zuwa garin Meiganga.

"Abin da kika faɗa yanzu, labarina ne," ya ce a hankali. "Shekara huɗu na yi ina rera shafi ana tafa mini. A aji na biyar asirina ya tonu, na bi shanu. Wannan takardar, duk shingen da aka tsayar da ni, miƙa ta nake yi ina kallon fuskar jandarma don in gane abin da ke ciki. Ko Hajiya ba ta sani ba."

Daga nan gida ya nufa, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya faɗa mata duka. Hajiya ta daɗe tana juya carbi. Daga bisani ta ce, "Na ba Salamatu hutun damina. Ranar da za a koma lekol ni zan zaɓi abin da za a karanta, ba ita ba. In yarinya ta kasa, maganata tana nan."

Haka aka fara, kullum da hantsi, a gindin darbejiyar ƙofar gidan su Salamatu. Salamatu ta ajiye littafin gefe guda. Ta tara marafan kwalaben lemo, ta rubuta harafi ɗaya a cikin kowanne.

"Ku manta da sunan harafi tukuna," ta ce. "Muryarsa nake so. Wannan, rufe baki: mmm, kamar saniyar Kawunki in ta ga dusa. Wannan kuma, buɗe baki: aaa. Yanzu tura su su haɗu."

Yelwa ta tura marafan biyu a kan tabarma. "Mmm... aaa... ma!"

"Sauya na biyun."

"Mmm... iii... mi! Kawu, kai ma yi naka!"

Bilya, ƙato mai gemu, ya tanƙwashe ƙafa yana "sss" kamar tsire a kan wuta, mahauta masu wucewa suna yi masa tsiya: "Dillali, aji nawa kake?" Ya kan ce, "Ajin Yelwa, kuma ta fi ni!"

Ba kullum abin ya yi daɗi ba. Mako biyu Yelwa tana cankar kalma daga harafin farko, Salamatu tana mayar da ita baya ba tsawa. Ranar da aka zo kan haruffa biyu masu murya ɗaya a Faransanci, irin "o" da "u" da ke haɗuwa su ba da "u", yarinyar ta watsar da marafan ta ce ta fasa. Salamatu ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, kashegari aka sake.

Ranar komawa lekol, Hajiya ta sake tara matan nan. Ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon katin shaida daga ƙasan akwatinta. Ta danne hoton da babban yatsa, kamar yadda ta ga Salamatu ta yi.

"Wannan dai ba ki taɓa jin sa a bakin kowa ba. Karanta."

Yelwa ta sa yatsa. Salamatu ta sunkuyar da kai.

"Lll... aaa... la. U. Rrr... aaa... ra. Tu." Ta ɗago kai. "La-u-ra-tu. Lauratu! Hajiya, wace ce Lauratu?"

Lauratu 'yar farin Hajiya ce, don haka bakinta bai taɓa furta sunan ba saboda kunyar ɗan fari. Bilya kuma Adda, wato yaya, yake ce mata, kuma tun rasuwarta ba mai ambatonta a gidan. Hajiya ta janye yatsanta daga kan hoton, hawaye na bin kumatunta.

"Uwarki ce, ƙawata. Ke kika kira ta da kanki."

Ta rungume yarinyar, sa'an nan ta miƙa wa Salamatu hannu. "Matso kan tabarma, 'yata. Ni na so a tafa mata, ke kika so ta gani. Ki yafe mini."

An ɗaura aure bayan damina kamar yadda aka sa. Yelwa ta maimaita ajin, ta fito ta ɗaya. Bilya kuwa, a shingen hanyar Meiganga, ya karanta takardarsa da kansa kafin ya miƙa.

Ya ku matasa, ku lura da wannan. Mai ƙaunarku na gaskiya ba zai rufe muku rauninku don a yaba muku yau ba. Zai zauna da ku, ya yi haƙuri, harafi bayan harafi. Kada kuma babba ya ji kunyar zama a kan tabarmar yara. Da Salamatu ta sa hannu a takardar nan, da ta sami miji cikin sauƙi, amma da Yelwa ba ta san sunan mahaifiyarta a ranar ba.