Hannun da Aka Ajiye a Kan Dutse

Rana ta kusa faɗuwa a Dogon Dutsi. Awaki sun shigo gida da kansu, hayaƙin tuwo ya kwanta a tsakar gidan Alhaji Ɗayyabu. 'Yarsa Rumaisa'u, wadda ta zo haihuwa gida, tana zaune bakin ɗaki da jaririnta a cinya. Sai ta ji an kama mata yatsun hannun dama, an matsa a hankali, an saki. Ta waiga, babu kowa kusa da ita. Kuma hannun da aka kama ɗin ba na nama ba ne.

Nata na haihuwa, injin niƙa ya cinye shi shekara biyu da suka wuce. Wannan kuwa yayanta Abdulmajid ne ya kawo mata daga Yamai, inda yake aiki da masu ƙera gaɓoɓin roba. A ƙarƙashin fatar yatsun akwai 'yan siraran gasu da aka kwaikwayo daga gashin bakin kyanwa da na ƙafar gizo-gizo. In abu ya taɓa su, ko ƙwayar gero ce, sai wata 'yar ɗamara da ke damtsenta ta girgiza daidai nauyin taɓawar. Da haka take sanin ƙarfin riƙonta. Ba don wannan jin ba, da ba ta isa ta ɗauki ɗan kwana ashirin da hannu biyu ba, don tsoron kada ta matse shi ba ta sani ba.

Washegari da magariba aka sake kamawa. Rana ta uku tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗakinta, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a buɗe.

Daga nan gidan ya cika da kallon gefen ido. Abdulmajid ya ce ta waya ƙura ce ta shiga yatsun. Da ta tura masa hoton layukan da hannun yake zanawa a wayarta, sai ya tambaya wane ne yake wasa da kayansa in ba ta kusa. Maƙwabta suka ce ai dama, wanda ya kawo hannun da bai san na wane ne ba, ya kawo har mai shi. Shi kuwa Alhaji bai yi nisa wajen neman mai laifi ba, don a ganinsa tana zaune a ɗakin baya tana taunar goro. Mahaifiyarsa ce, Inna Karima, wadda ta yi bori a Sukukutane tun kafin a haife shi.

Alhaji mutum ne da in ya gane gaskiya sai kowa ya sha wuyar ganewar tasa. A bayan rumbu akwai wani faffaɗan dutse inda tsohuwar take ajiye wa doguwa, aljanar gidan, nono a da. Da ya hana, bai tsaya nan ba: a kan dutsen ya girka batirin sola, don kowa ya ga dutse dutse ne. A nan ake yi wa wayoyi caji, a nan kuma shi da kansa yake ɗora hannun Rumaisa'u kowace magariba. Sai da ta haihu ta koma yi masa caji da tsakar rana, saboda wankan yaro na yamma.

Yanzu sai ya shiga shinshina ƙoren tsohuwar, yana leƙa ƙarƙashin gadonta. Ita ma ta daina cin abin da aka aiko daga ɗakinsa. Rumaisa'u ta rame. Tsoro take ji ƙwarai, amma ta fi tsoron ranar da uban zai cika maganarsa ya cire hannun ya ƙone.

Ran kwana na tara, ana kiran sallar magariba, ta ajiye yaron a tabarma, ta miƙe, ta tafi bayan rumbu ta zauna a kan dutsen. Idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Da Alhaji ya kira sunanta, dariyar da ta fito daga bakinta ta wata tsohuwa ce da ba wanda ya san ta.

Washegari aka ɗauko Malam Luƙman daga Ɗan Kassari a kan babur. Siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya. Ya jira rana ta yi ja, ya sa aka zaunar da ita, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Iska ta tsaya, awaki suka yi tsit. Can yatsun roba suka fara buɗewa suna rufewa, alhali damtsenta ko motsi bai yi ba.

Malam ya tambayi mai magana sunanta da abin da ya kawo ta. Muryar ta ce ita ce doguwar gidan, tun kafin a yi katanga.

"Ni ba ɓarauniya ba ce, Malam. Ba ni anka yi."

"Wa ya ba ki?"

"Mai gida. Wata ukku, kullum magariba, bisa dutsena. Uwatai nono taka aje mani, shi hannu ya aje. Shekara nawa nika taɓa mutanen gidanga ba mai ji, wanga ɗai ya amsa mani. Na gode mashi, sai kuma ya hana."

Ba wanda ya kalli Alhaji, kuma wannan ya fi kallon ciwo.

Aka shiga ciniki. Ta nemi baƙar akuya, Malam ya ce ba a yanka don wanin Allah. Ta nemi a mayar mata da hannun, ya ce ba za a raba uwa da abin ɗaukar ɗanta ba. Inna Karima ta ce a hankali, abin da aka ɗora a dutsen ba a ɗauke shi haka nan, a bar ta ta zuba nono ƙwarya ɗaya a rabu lafiya. Alhaji ya ce ga irinta nan, dama abin da take nema ke nan tun farko. Malam ya ci gaba da karatu har jikin yarinyar ya jiƙe da zufa.

"Ya isa," in ji muryar. "Za ni tahi. Amma in tahi da rabona."

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ba za ta taɓa yaron ba, ta kuma rantse. Bai tambaye ta mene ne rabon nata ba. Inna Karima ta lura, har ta buɗe baki, ɗanta ya watsa mata harara, ta mayar da bakinta ta rufe. Rumaisa'u ta yi atishawa sau uku, ta faɗi gefe. Wata guguwa 'yar ƙarama ta tashi daga bayan rumbu ta haye katanga.

Tsakuwa ba ta sake sauka ba. Amma da Rumaisa'u ta farka ta shafa zanenta da hannun dama, ba ta ji komai ba.

Abdulmajid ya zo daga Yamai ya kwance hannun ya duba. Gasu lafiya lau, layuka suna tashi a waya ko ƙuda ya sauka. Ya ɗaura ɗamarar a damtsensa, ya ji tana girgiza. Ya mayar a nata, ya gwada sama, ya gwada ƙasa, ya gwada ɗaya damtsen, Rumaisa'u tana kaɗa kai kawai. Ya kwana huɗu yana fama, ya koma Yamai bai gano matsalar ba.

Wata yamma Alhaji ya ɗauko jikan da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗora mata a hannu.

"Ɗauke shi, ɗiyata. Ba komi."

Ta tallabe shi, tana kallon yatsun suna rufewa, tana auna su da ido. Yaron ya tsala ihu. Ta saki da sauri, ga shatin yatsu ja a haƙarƙarinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ga ɗakin baya.

"Inna, zo ki karɓe shi."

Tsohuwar ta fito, ta wuce ta gaban ɗanta, ta zauna ta ɗora yaron a ƙafafunta. Ita ta yi masa wanka ran nan da sauran ranakun, Rumaisa'u tana gefe tana zuba ruwa da hagu.