Yatsan da Shasha Ba Ta Sani Ba

Ranar da Wafa ta fara ganin Amjad dariya aka yi mata, kuma ta daɗe ba ta manta ba.

Mai shayi ce ita. Kullum da sassafe take barin Dar Salam, can ƙarshen Omdurman, ta haye gada zuwa Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ta hura garwashi a ƙofar wani gareji da ake haɗa raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, mai aiki da lantarki. Rannan ta shiga da kofuna, sai wani dogon saurayi mai tabarau ya ɗago daga gaban sabuwar raksha, hannuwansa duk baƙin mai.

"Don Allah 'yar'uwa, taɓa min nan."

Ya nuna mata gilashin da ya dasa a gaban direba, wanda suke kira shasha. Fitila, sigina, ribas, duk a ciki suke, shafawa kawai ake yi. Wafa ta shafa, shiru. Ta danna, shiru. Shekara shida tana ɗaukar kofin gilashi mai zafi, tana gyara garwashi da yatsa, fatar ta yi kanta har gilashin bai ji an taɓa shi ba.

"Kai! Ko inji ya san hannun mai shayi," in ji wani makanike. Garejin ya ɗauki dariya.

Kunya ta kama ta har wuya, amma Wafa ba a bar ta a baya wajen baki ba.

"Wannan ba shasha ba ce," ta ce, "shashasha ce."

Amjad ya biyo ta har bakin murhu, ya zauna, ya ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri. Laifin gilashin ne, ba naki ba." Ya sha kofi uku a ranar, alhali shi ba mashayin shayi ba ne.

Daga nan abin ya kama, kamar yadda irin wannan abin yake kamawa, ba sallama. Yana kiranta Garwashina, tana kiransa Injiniyan Shashasha. Wayarta ƙarama ce mai maɓallai, don haka shi ke zuba dogon saƙo, ita ta ba da gajere.

"Garwashina, yau na ɗaura waya a baibai har sau biyu, maigida yana ta faɗa. Na ce masa zafi ne. Ban faɗa masa wane irin zafi ba."

"Ka sha ruwa, Injiniya."

A kan kujerunta direbobi ke zama su yi ta mita. Wannan ya ce da rana tsaka ba ya ganin komai a shashar. Wancan ya ce ya sunkuya neman sigina, saura kaɗan ya hau keken jaki a unguwar Alshajara. Wafa takan kwashe duka ta juye wa Amjad.

"Maɓalli ko a rufe ido hannu ya san inda yake. Taka kuwa sai an kalle ta, kamar amarya."

"Ita ce zamani," yakan ce, yana dariya.

Da ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa Hajja Sittana ta ce sai ta ga yarinyar da idonta. Ta zo har bakin murhu cikin farin mayafin tob mai ƙamshi. Wafa ta durƙusa ta miƙa hannu. Tsohuwar ta riƙe hannun, ta juya shi, ta bi yatsun da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sake shi.

"Ɗana ya yi jami'a," ta ce a hankali. "Ban raine shi don ya koma bakin wuta ba."

Bayan kwana biyu sai ga Samar, 'yar ƙanin Hajja, wadda dama ita ake so a ba Amjad. Wafa tana kallo daga waje Samar ta ɗora yatsa mai laushi a kan shasha, fitilu suka kama nan take, makanikai suka tafa. Tun daga makon Amjad ya rage fitowa shan shayi. Yakan shige ƙuryar gareji ya ja ƙofa. In ta tambaya sai ya ce, "Aiki ne, Garwashina." Ita kuwa zuciyarta ta riga ta ba aikin suna.

Abin da ta yi bayan haka, ni dai ba zan kira shi wauta ba, don wanda bai taɓa jin kunyar hannunsa ba bai san ciwon ba. Kullum ta dawo gida sai ta jiƙa yatsun a ruwan ɗumi da lemun tsami, ta dirje su da dutsen goge kaushi, ta bi da dilka. Kwana takwas, kantar shekara shida ta tafi, fata ta fito ja, sabuwa. Ta dube ta ta ji daɗi, ta ce gobe za ta shiga garejin ta taɓa abin a gaban kowa.

Ba ta tuna cewa kantar ce ke tsakaninta da wuta ba.

Da safe, ana tsakiyar ciniki, ta cafki kofi kamar yadda ta saba. Zafin ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa. Ta fizge hannu, gwiwar hannun ta bugi butar da ke tafasa, ruwan ya juye mata a hannun dama. A asibiti likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasa ba.

Mahaifinta, Malam Jatau, ya karɓe wayar. Tsohon ɗan ƙwadago ne a gonakin auduga na Gezira, ba mai yawan magana ba. Da ya ji dalilin dirzar, sai ya ce, "Gidan da sai kin feƙe fatarki kafin ki shiga, ba gidanki ba ne." Saƙonni suka yi ta shigowa ba amsa. Ɗaya kawai ta gani, ranar da ya manta wayar a kan tabarma.

"Wafa, an ce min kin ƙone. Na zo sau biyu, Baba ya mayar da ni daga ƙofa. Ko kalma ɗaya ce ki turo, ko da zagi ne."

Ta yi ƙoƙarin dannawa da hagu, hawaye ya hana ta ganin haruffan, ta ajiye.

Ranar Juma'a bayan la'asar raksha ta tsaya a ƙofar gidansu na laka. Amjad ne da mahaifiyarsa. Malam Jatau ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, Wafa na bayansa da hannu a naɗe. Amjad ya sauko riƙe da wani buhu a ƙirjinsa.

"Yumma," ya ce wa mahaifiyarsa, "hannuna ba fili. Taɓa nan ki kashe fitilar."

Hajja Sittana ta miƙa yatsa ta shafa shashar. Fitilar ba ta mutu ba. Ta sake, ta danna da ƙarfi, sau uku. Sai ta janye hannun ta cusa shi cikin tob.

"Shekara goma sha ɗaya ina gasa wainar kisra a kasuwar Omdurman bayan rasuwar ubansa," ta ce. "Da na riƙe hannunki, 'yata, nawa na gani. Shi ne na kasa jurewa. Ki yafe min."

Amjad ya buɗe buhun ya fito da farantin ƙarfe mai manyan maɓallai biyar, kowanne da siffarsa, yadda yatsa zai gane shi ba sai an duba ba.

"Sati uku ina yin wannan a ƙurya. Na shawo kan maigida, za a cire shashar daga duk rakshoshin. So na yi in ba ki mamaki."

Wafa ta dubi maɓallan, ta dubi hannunta.

"Sati uku?" ta ce. "Ni kwana takwas kawai na yi, Amjad."

Ya tsuguna a ƙasa, babba da shi, ya rufe fuska yana kuka a gaban surukinsa.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura auren a masallacin unguwa. An yi guɗa, an ƙona turare, an ɗaura musu jan zaren jirtig na al'adar aure a wuyan hannu, Hajja Sittana da kanta ta ɗaura na amarya. Wafa ta yi murmushi, ta kuma yi kuka, don tana sonsa, kuma yatsun biyu suna nan a miƙe.

Da za a tafi da ita, Malam Jatau ya haɗa hannuwansu cikin nasa masu kaushi.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Aka ce amin. Malam Jatau bai saki hannun ango ba.

"Kai kuma ɗana, daga yau, in kana yi mata wani alheri, ka faɗa mata."