Ƙwai Talatin a Bayan Mota

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, faɗa ta yi masa. Shi ne direban kamfanin aika kaya da ya kawo mata ƙwai talatin da ta saya daga wata gona mai nisa don ta ƙyanƙyashe. Yana tsaye a bakin ƙofa ta shiga ɗakin ajiya ta haska su da tocila. Gurbin iskar da ke zama a saman kowane ƙwai ya ɓalle, sai yawo yake yi duk inda ta juya.

Ta fito a fusace. "Malam, tuƙi ka yi ko tankaɗe?"

"Hanyar ce duk ramuka, ki yi haƙuri," in ji shi. "Amma kada ki sa su a injin ƙyanƙyasa yau. Jera su a tsaye, tsinin a ƙasa, su huta kwana ɗaya. In kin sa, kada ki juya su sai bayan kwana uku."

"A ina ka koya?"

"Shekara huɗu na yi a gidan kaji kafin in kama sitiyari."

Ta karɓi lambarsa, wai don ta san wanda za ta kama in sun lalace.

Bayan kwana bakwai ta tura masa saƙo: "Sha tara sun yi jijiya."

Ya amsa: "Madalla. Riƙa karkata kiret ɗin a hankali, kada ki kwantar da su. Ke fa, kin ci abinci, Uwar Kaji?"

Sha ɗaya ne suka ƙyanƙyashe. Kafin su fara saka ƙwai, Dogo ya nemi izinin turo manyansa.

Baba, mahaifin Auta, ya ce sam. "Mutumin da ke kwana biyar a hanya? Ga ɗan abokina mai shagon magani, kullum yana gida."

Auta ta faɗa wa Dogo komai. Daga ranar wayarsa ta daina shiga. Sati biyu tana zuba wa kaji dusa tana share hawaye, ta gama yarda cewa ya janye.

Sai ga shi da kawunsa wata safiya. Ashe aikin tuƙin ya ajiye, ya koma gidan kaji, wayar kuwa ta kamfani ce, ya haɗa ta da motar ya miƙa.

Ta tare shi a tsakar gida. "Ko aron waya ba ka iya ba?"

"Na ji tsoron in yi miki alkawari aikin bai samu ba, masoyiya."

Baba ya fito ya dube shi. "Saboda ita ka bar mota?"

"Saboda ita, Baba."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma ka riƙe mini ita da kyau. Ba ni da wata autar."