Fentin Rumfar Alhaji Yamusa

A wata fadama ta Kwali Nazeefa ta fara ganinsa, a tsugune yana ɗiga ruwa a kan ganyen shinkafa kamar wanda ya rasa aikin yi.

"Malam, lafiya dai?"

"Zo ki gani. Ɗigon nan ba ya kaucewa gefe, tsawon ganyen kawai yake bi. Wasu siraran layuka ne ke jan shi."

Abdulƙadir ke nan, injiniya mai ƙera kwanon rufi da irin layukan, don ruwan sama ya bi inda ake so. Gonar mahaifinta ta zo gani, ta koma gida ta bar zuciyarta a fadama.

Mahaifin nata, Alhaji Yamusa, darakta ne a ma'aikata, kuma Maitama ɗan kwangila yake so mata. "Mai wasa da ganye zan ba 'yata?"

Don neman shiga, Abdulƙadir ya yi masa rumfa a ƙofar falo, wadda za ta riƙa kai ruwa tanki. Ruwan farko kuwa sai cikin falo, kafet ya jiƙe sharkaf. Alhaji ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a gidan. Maitama har da dariya.

Saƙon Abdulƙadir ya shigo wayar Nazeefa: "Sanyin idona, wallahi na gwada kwanon kafin in tafi. Don Allah duba min samansa."

Ta leƙa ta tagar bene, sai ga rumfa shuɗiya tana walƙiya. Ashe Alhaji ne ya ga ba ta sheƙi kamar ta maƙwabta, Maitama ya turo masa masu fenti, suka toshe layukan kaf. Ranta ya yi mummunan ɓaci. A lalata wa mutum aiki, a kuma bi shi da kora?

Ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Daddy, kai ka koya mana ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa. Wa ya ce a yi fentin nan?"

Alhaji ya daɗe yana murza carbi.

"Kira shi ya zo ya kankare," ya ce. "Ya taho da manyansa."

Ranar ɗaurin aure aka tsuge da ruwa. Alhaji ya tsaya ƙarƙashin rumfa, babbar rigarsa a bushe, yana nuna wa baƙi.

"Aikin ɗana ne. Allah Ya yi musu albarka. Kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa min ita da fenti."