Nauyin da Motar Abdussalami Ta Ji

Gab da magariba Abdussalami ya fita ɗauko ɗiyarsa Malak daga gidan kakarta, Hajja Hauwa, a wani ƙauye can gaban babbar tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakin Suki. Hanya ce da ya sani kamar tsakar gidansu.

Motar ta hannu ce, daga Damazin ya sayo ta, irin manyan nan masu shiga daji. Ba a kan sifirin take zaune ba, a kan jakunkunan iska take, da wani ɗan inji a ƙarƙashi mai hura su. In an ɗora kaya ya ƙara iska, in an sauke ta fesar. Abin sha'awa ne, ranar da ya ga damar aiki! Tun zuwanta ƙafar baya ta hagu ke durƙushewa haka kawai. Osman bakanike ya canza jaka, ya canza tiyo, ya canza har abin da ke auna tsayinta, duk a banza.

"Ya zol, mutumina, riƙa yawo da ruwan sabulu," in ji Osman da ya gaji. "In ta zauna ka shafa. Ka ga kumfa na tasowa, iska ke zurara. In babu kumfa, to nauyi take ji. Ita ba ta iya ƙarya ba."

A gindin wani tsohon gawo na bakin tur'a ta sake yi masa. Baya ya yi ƙasa a hankali, ɗan injin ya kama gurnani. Ya fito, ya durƙusa, ya shafe jaka da tiyo da ruwan sabulu, ya zuba ido. Ko kumfa ɗaya ba ta taso ba.

Shi kuwa Abdussalami bakinsa ba ya zama shiru. Kuma a garinsu direba ba ya wuce mai tafiyar ƙasa da yamma bai yi masa tayi ba, abin kunya ne. Sai ya dubi kujerar baya da babu kowa a kanta, ya yi dariya.

"To, baƙo, tun da ka riga ka hau, itfaddal, bisimilla. Mota taka ce, abin da ke ciki duk naka ne."

Kwaɗin tur'a suka yi tsit gaba ɗaya. Ya lura, amma ya ce a ransa iska ce ta juya.

Ya tarar da Malak a ƙofar gida da ƙullin soyayyar gyaɗa a hannu. Yarinya ce 'yar firit, ko haƙoran gaba ba su gama fito mata ba, kuma ita kaɗai Allah ya bar musu shi da matarsa Sakinatu. Hajja Hauwa ta ce su tsaya a yi salla tukuna. Ya ce a'a, Sakinatu na jira.

Malak ta buɗe ƙofar baya, ta tsaya. Sannan ta shiga ta takure can jikin ƙofar dama.

Sun ɗan yi nisa, rana ta faɗi, sai wani wari ya cika motar. Warin laka ne, irin ta ƙasan tur'a in an yashe ta, da ƙarnin kifi. Ya sauke gilashi. Warin bai fita ba.

"Yaba," in ji Malak da 'yar ƙaramar murya. "Ce mishi ya matsa. Rigarshi da sanyi."

"Wa?"

"Baƙon. Ya ce kai ka ba shi."

"Na ba shi mi?"

"Abin da ke ciki."

Abdussalami ya dubi madubi, bai ga kowa ba sai ita.

Sai motar ta motsa. Hagu ya ɗago, ya ji iska ta fesa, fusss. Dama ya soma yin ƙasa, a hankali, daidai inda yarinyar take. Ɗan injin ya kama kuka kamar zai ƙone.

"Malak?"

Gyaɗar ta zube, tana gangarawa ƙarƙashin kujera ɗaya bayan ɗaya.

Ya taka birki, ya diro, ya fizge ƙofar. Idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Rigarta ta jiƙe sharkaf. Ya sa hannu zai ɗauke ta kamar yadda ya saba, da hannu ɗaya, ya kasa. Wallahi ko buhun dawa bai kai ta ba.

Ya yi bisimilla, ya rungume ta, ya ja da dukkan ƙarfinsa har suka zube tare a kan turɓaya.

Bayan motar ya yi tsalle sama. Fusss. Ta daidaita tsaf, yadda bai taɓa ganin ta ba tun da ya saye ta.

A nan ne tsoro na gaske ya kama shi. Babu kowa a motar yanzu. Abin yana jikin ɗiyarsa.

Ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Numfashinta sai ƙara nisa yake. Leɓɓanta sun yi sanyi. Ya ɗaga kai, sai ya ga ashe a gindin gawon nan suka tsaya.

"Ni na yi maka tayi," ya ce. "Ni ne mai mota. Wannan ba ta san komai ba."

"Ni ma ai a ciki nake sa'ad da na faɗa. Baƙo wurin mai masauki yake sauka. Taho nan."

Wani abu mai sanyi ya dafa kafaɗarsa ta dama. Sannan ta hagu. Ruwa ya gangaro ta bayan wuyansa. Ƙashin bayansa ya yi ƙara.

Malak ta yi tari, ta fashe da kuka. Ya ɗaga ta, ta koma sakayau kamar da.

Da rarrafe ya kai kujerar direba. Yana zama gaban motar ya durƙusa ta gefensa, ɗan injin ya kama gurnani, bai kuma daina ba har ƙofar gida.

Malak ta warke, ba ta ma tuna komai. Bayan motar bai sake zama ba. Osman ya yi ta bugun ƙirji yana cewa aikinsa ne, har ranar da ya ga Abdussalami ya shiga motar, gabanta ya durƙusa. Ya ɗauko ruwan sabulu ya shafa a gaba, ya jira. Kumfa ba ta taso ba. Ya miƙe, bai kuma sake taɓa motar ba.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi sauka. Har yau a sunkuye Abdussalami ke tafiya kamar mai dakon itace, kuma ko a tsakar rani bayan jallabiyarsa a jiƙe yake. Ya daina wasa da baki.

Duk yamma Malak takan tarye shi a guje, ta ɗaga hannuwa. "Yaba, ɗora ni a wuya!"

Sai ya ja da baya da sauri, ya kare kafaɗunsa da hannu.

"A'a, uwata," yakan ce. "Akwai mutum a wurin."